Fito da Tsofaffin Littattafan Hannu Bainar Jama'a: Abin da Ke Iya Lalacewa a Yini Guda

Idan ƙungiyar ɗalibai ko ta ci gaban gari a ƙasar Ringim, Kazaure, Rano ko Ƙaraye ta tashi shirya lacca a kan tarihin malaman garinsu, shawarar da kan biyo baya ita ce a roƙi gidajen malanta su fito da littattafan kaka da kakanni jama'a su gani. Niyyar ba ta da laifi. Sai dai littafin da ya shekara ɗari da hamsin lafiya lau a cikin gafaka, a ɗakin soro mai duhu, yana iya yin asarar da bai taɓa yi ba tsakanin hantsi da la'asar na ranar taron. Galibin masu shiryawa hoton gidajen tarihin Turai suke gani a ransu, alhali littafinsu daban, namu daban, kuma abin da ke kare nasu ba lallai ne ya kare namu ba.

Littattafan hannu masu ado na Turai, waɗanda aka yi kafin Gutenberg ya fara ɗab'i a Jamus wajen 1455, mafi yawansu a kan fata aka rubuta su, ta maraƙi ko tunkiya ko akuya. Ba jima ake mata ba irin ta majema. Jiƙa ta ake yi a ruwan farar ƙasa, a miƙe ta a katako, a kankare har ta yi sirara. A kanta ake manna zinare da aka buge ya zama kamar ɓawon albasa, shuɗi mafi tsada kuma daga wani dutse ake niƙo shi da ake haƙowa a Badakshan ta ƙasar Afganistan. Sannan a ɗinke littafin a sa masa bango. Littafin Kells da ke jami'ar Trinity a birnin Dublin, wanda aka rubuta wajen shekara ta 800, warƙa 340 gare shi, kuma a 1953 aka sake ɗinke shi mujalladi huɗu. Mai ziyara buɗi ɗaya yake gani a cikin akwatin gilashi, bayan wani lokaci ma'aikata su juya shafin. Duk dabarunsu a kan abu biyu suka ginu: kada fatar ta kanannaɗe fenti ya ɓare, kada kuma ɗinkin baya ya tsage saboda an wangale littafin da yawa.

Namu na takarda ne, kuma ba ɗinki. Alƙur'anin hannu na ƙasar Hausa da Barno warƙoƙi ne a sake, sau da yawa sun haura 400, an jera su tsakanin bango biyu, an naɗe da tadarishi na jar fata, an ɗaure da igiya an zura a gafaka. Babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalma ɗaya da marubuci yake sawa a ƙasan bayan kowace warƙa, wato kalmar farko ta warƙar da ke biye. Wannan sakin yana da amfani ga karatu, domin malami yana iya zaro warƙa goma ya ba ɗalibi ya kwafa. A ranar nuni kuwa shi ne babban hatsari. Fanka ɗaya a saman silin, ko taga a buɗe lokacin da iska ta taso, ta isa ta watsa rubu'in littafi a ƙasa. Kuma wanda ya so tabarruki ya naɗe warƙa guda ya sa a aljihu, ba a gane an yi rashi sai wata rana mai karatu ya zo wurin ya ga aya ta yanke.

Saboda haka aikin farko a gidan mai littafin ake yin sa, makonni kafin taro. Mutum biyu su zauna tare da shi ko wakilinsa, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, a ƙirga warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ana duba kalmar ƙasa ko ta dace da farkon ta gaba. Idan mai littafin ya yarda, a sa lamba ƙarama da fensir mai laushi a kusurwar sama ta kowace warƙa. Ban da biro, ban da maka, ban da tambarin ƙungiya. Inda aka tarar da giɓi a rubuta shi a rajista, a nuna wa mai shi da idonsa, domin kada bayan taro a ce kwamiti ne ya ɓatar. Rajistar ta ƙunshi sunan littafin, yawan warƙa, tsawo da faɗi da santimita, launukan tawada, da duk wani ci na gara ko tabon ruwa. A yi takardar karɓa kwafi biyu, dagaci ko liman ya shaida.

Yadda ake roƙon ma yana da muhimmanci. Dattijon da aka je wa da wasiƙar ofis aka ce ana buƙatar kayan tarihi, zai ce gara ta cinye tun zamanin mahaifinsa, kuma yana da hujja: gidajen malamai da dama suna da labarin littafin da aka ara don bincike bai dawo ba. Wanda aka durƙusa aka ce masa, "Allah gafarta Malam, so muke yara su ga hannun marigayi, kuma ɗanka ne zai zauna a gaban littafin har a tashi," shi ne ake sa ran zai shiga ɗaka ya ɗauko. Akwai kuma abin da bai kamata a nema ba sam. Kundin malami, inda ya tara laƙani da hatimai da sirrin da ya karɓa daga malamansa, ba don idon jama'a aka rubuta shi ba. In an fito da shi bisa kuskure a cikin tari, a mayar ba tare da an ɗauki hoto ba. Littafin da magada ba su gama magana a kansa ba shi ma a bar shi, domin nuni yakan tada rigimar gado, kuma ƙarshenta wani lokaci shi ne a raba littafi ɗaya kashi uku kowa ya tafi da nasa.

Batun shekaru shi ne inda laccoci suka fi zamewa. Mai jawabi ya ɗaga Muhtasar ko Ishiriniya ya ce shekararsa 700, jama'a su yi kabbara. Gaskiya ne karatu ya daɗe a ƙasar nan. Almaghili ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Amma takardar da ta rage a hannun mutane ba ta kai can ba. Cikin tsofaffin Alƙur'anan Barno da wani Bature mai bincike, A. D. H. Bivar, ya ɗauki hotonsu a ƙarshen shekarun 1950, masu fassarar tsohon yaren Kanembu a tsakanin layuka, akwai mai ɗauke da shekarar 1669, kuma ana lissafa shi cikin mafiya tsufa a duk yankin. Abin da za a tarar a adakar gidan malamai a ƙauye, mafi rinjaye, na ƙarni na 19 ne ko farkon na 20. Wannan ba ragi ba ne ga darajarsa.

Takardar da kanta tana ba da shaida. A ɗaga warƙa ɗaya da hannu biyu, a haska ta baya da tocilar waya na ɗan lokaci. Za a ga layuka sirara a jere kurkusa, da wasu masu tazara da suka ratsa su, alamar ragar da aka zuba takardar a kai. A wasu warƙoƙin za a ga jinjirin wata uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Takardar Italiya ce da aka riƙa yi don kasuwannin Musulmi, ta biyo ayari daga Tarabulus ta Gadamas da Gat har Kano, kuma Bature matafiyi Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ambace ta cikin hajar da ake kawowa daga arewa. Idan aka ga haruffan AG, ko sunan Andrea Galvani da garin Pordenone, to littafin bai wuce ƙarni na 19 ba a tsufa. Idan takardar mai santsi ce ba layukan raga, balle mai jan layi irin ta littafin makaranta, mai yiwuwa ta bayan zuwan jirgin ƙasa Kano ce a 1911, lokacin da haja ta koma biyowa ta Ikko. Alamar takarda tana faɗin lokacin da littafi ba zai girme shi ba, amma ba ta faɗin ranar da aka rubuta, domin marubuci yana iya ajiye takarda shekaru.

Sai a duba ƙarshen littafin, inda mai kwafa yake cewa ya kammala da godiyar Allah, ya ambaci sunansa da na wanda ya rubuta wa. Sau da yawa zai faɗi rana da wata, ya bar shekara. Inda aka sa shekara, akwai tarko biyu. Na farko, mai kwafa yakan ɗauko shekarar da mawallafi ya gama littafin ya saka kamar yadda ya tarar, don haka kwafin Dala'ilul Hairati da aka yi a ƙasar Gumel zamanin Turawa ba ya zama na ƙarni na 15 don kawai mawallafinsa Jazuli ya rasu a 1465. Na biyu shi ne ramzi, wato rubuta shekara da haruffa. Malamanmu lissafin Magrib suke bi, ba na Gabas ba. A lissafin Magrib harafin shin 1000 ne, a na Gabas 300. Ramzin da ya ƙunshi shin da ra da nun, a wurinmu 1000 da 200 da 50 ne, wato Hijira 1250. Wanda ya koyi lissafin Gabas a makarantar zamani zai karanta 550, ya ƙara wa littafin shekara 700 ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Juya Hijira zuwa Miladiyya kuma ba wuya: a ninka da 0.97 a ƙara 622, sai 1250 ta ba da wajen 1834.

Ɗakin da za a yi nunin ya fi komai wahalar samu a karkara. Gidajen tarihi suna ajiye takarda mai launi a haske da bai wuce luks 50 ba (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), wato haske mai rauni wanda da ƙyar za a karanta jarida a cikinsa. Ranar tsaka a fili tana kai wa luks 100,000. Ke nan awa ɗaya a rana daidai take da awa 2,000 a ɗakin da aka daidaita, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. Baƙin rubutu yana da juriya, amma jan wasali da sauran launukan zayyana, musamman waɗanda aka yi da rinin kanti irin garura, su ne ke fara dusashewa. Don haka ba a nuni a ƙarƙashin rumfar taro ko inuwar darbejiya, komai sanyinta. Ajin firamare mai rufin kwano ba silin shi ma da tsakar rana tanda ne. Zauren ƙasa mai kaurin bango ya fi su duka, domin zafinsa da danshinsa ba sa hawa da sauka da sauri. A rufe tagogi da labule, a sa ƙwan fitila na zamani marar zafi, nesa da tebur. Wayoyi da yawa suna da manhajar auna haske, ba daidai take ƙwarai ba amma tana nuna inda aka wuce gona da iri.

Lokacin shekara ma zaɓa ake yi. Takarda tana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Idan ya daɗe sama da 65, fumfuna take kamawa, kuma a watan Agusta iskarmu takan wuce haka. A tsakiyar hunturu kuwa danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20, takarda ta bushe ta yi ƙaras-ƙaras, gefenta ya riƙa karyewa a hannu, ga ƙura. Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi dacewa: ruwa ya ɗauke, hazo bai sauka sosai ba, hanyoyin fadamar Haɗejiya sun bushe, jama'a kuma sun fara samun sararin kaka.

A kan tebur, kada a baje littafi gaba ɗaya. A zaɓi warƙa biyu ko huɗu, sauran su zauna a ɗaure a cikin tadarishi a gefe, a gaban mai su. Akwatin gilashi irin na masu sayar da agogo ya wadatar in an wanke shi ya bushe, an shimfiɗa farin alawayyo da aka wanke ba sitaci. Gilashin kada ya kwanta a kan rubutun, domin tawadar da ke da ƙaro da yawa takan manne. Teburin Alƙur'ani ya zama mafi tsayi, kuma wanda zai taɓa ya kasance da alwala. Hannu a wanke da sabulu a bushe sosai, ba mai ba turare. Safar hannu ta auduga ba ta da amfani a nan, tana kashe jin yatsa kuma tana kama gefen da ya tsage. A hana shiga da ruwan leda da zoɓo da goro, a kashe fanka, kuma kada a kunna turaren wuta don girmama littafi, hayaƙinsa zama yake a takarda. Ɗabi'ar lasar yatsa kafin juya warƙa ta cutar da takarda, ta kuma cutar da mai lasar, domin rawayar da ake kira zarnihi tana ɗauke da guba. A shigar da mutane goma-goma, a ware wa mata lokacinsu na kansu, ba wai ragowar minti goma kafin magariba ba. Nana Asma'u da ɗalibanta mata, 'yan taru, sun isa hujjar cewa wannan gado ba na maza kaɗai ba ne.

Gyaran gaggawa da ake yi daren jajibiri don littafi ya yi kyau shi ne ya fi ɓarna. Salatif yana riƙe tsaga na ɗan lokaci, daga baya gam ɗinsa ya nutse cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Lamineshin kuwa hukuncin kisa ne: zafi da roba sun haɗe da warƙar, ba mai iya raba su. Kada a goge tabo da ruwa, domin tawadar gawayi da ƙaro narkewa take yi nan take. Tawadar yambari, wadda ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera, ba ta wankuwa haka, amma ita nata ciwon daban ne: in ƙarfe ya yi yawa a haɗin, a hankali take cin takardar, har a ga harafi ya zama huda. Warƙar da ta kai wannan hali ba a ɗaga ta da yatsa, sai a zura farar takarda mai kauri a ƙarƙashinta a ɗauke su tare. Ƙura kuma da burushi mai taushi ake share ta, daga tsakiya zuwa gefe.

Ita laccar, in ta zama jerin sunayen malamai da kirari, an yi asarar zama. Minti arba'in sun isa, kuma ya fi kyau a gina ta a kan warƙa ɗaya da aka ɗauki hotonta aka haska a bango da majigi. A nuna wa mutane cewa baƙi na jikin harafi ne, ja na wasali, ɗigon rawaya na hamza, kore na alifin da ake sadarwa. A nuna fa mai ɗigo ɗaya a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, yadda rubutun Warsh yake, domin yaran Islamiyya da suka tashi da bugun Hafs su daina zaton kuskure ne. A nuna alamar aya, da kumsa a kan aya ta biyar, da kuri a kan ta goma, da zagayen da ke gefe na sumuni da rubu'i da nusufi da izu da sujada, waɗanda a wasu Alƙur'anan ba za a sami biyu iri ɗaya ba. Manyan zayyanoni masu cika shafi galibi a farkon littafi suke da wuraren da aka raba Alƙur'ani huɗu, wato A'arafi da Maryam da Sad. A nan kwatanci da Turai yake da amfani: su sun zana mutane da dabbobi da zinare, namu sun tsaya ga murabba'i da da'ira da saƙa, irin wadda ake gani a aikin dukanci da aska takwas ta babbar riga.

Kuma a bai wa masu sana'ar wuri. Kusan kowace gunduma tana da alaramma ko gwani da ya rubuta Alƙur'ani da ka. A zaunar da shi a ƙofar zaure ya fere alƙalami na gamba ko kara, ya haɗa tawada, ya ja layi biyu a sabuwar takarda mutane su taɓa wannan maimakon tsohuwar. A kira baduku ya nuna ɗinkin gafaka. Malamin jami'a da aka gayyato daga Kano ko Dutse zai fi amfani in ya zauna ya karanta wa kowane gida ƙarshen littafinsu fiye da ya karanta takarda da Turanci.

Hoto a ɗauka kafin taro, a natse. Waya mai kyau ta isa in an kafa ta a kan wani abu tana kallon ƙasa daidai, ba walƙiya, an ajiye rula a gefen warƙa, an ɗauki gaba da baya bi da bi. Mai littafi ya sami kwafinsa a katin waya. Kafin a sa komai a Facebook ko WhatsApp a nemi izininsa, kuma kada a haɗa hoton da sunan gida da unguwa, domin dillalan kayan tarihi su ma suna kallo. Gidan da yake son a adana hotunan a inda ba za su ɓace ba yana iya tuntuɓar Arewa House a Kaduna ko Jami'ar Bayero. Ɗakin karatu na Birtaniya ma yana da shiri tun 2004 na tallafa wa ɗaukar hoton taskokin da ke cikin hatsari, kuma sharaɗinsa shi ne asalin littafin ya zauna a ƙasarsa.

Kafin magariba a sake ƙirga warƙoƙin da aka zaro, a mayar da kowace gurbinta bisa lambar fensir da kalmar ƙasa, mai littafi ya sa hannu cewa ya karɓa cif. A nan ne kwamiti zai faɗa masa abin da ya gani a ma'ajiyarsa. Adakar ƙarfe tana tare gara da ɓera, amma in tana zaune a daɓe tana jan danshi, don haka a ɗora ta a kan bulo, tazarar taki ɗaya daga bango. A garuruwan da ambaliya ke shiga, kamar yadda aka gani a Auyo da Kafin Hausa da Ringim a 2022, bulo bai isa ba, sai kanta mai tsayi ko rataya. Kada a ƙulle littafi a leda, gumi yake yi a ciki. Kada a fesa fiya-fiya ko a zuba kananzir a adaka. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle shi a ƙyalle a ajiye a kusurwa, kada ya taɓa takarda. A buɗe adakar sau biyu a shekara, bayan damina da kafin ta, a inuwar ɗaki, a duba ko akwai garin takarda a ƙasanta, wanda shi ne alamar ƙwaro na ci. Littafin da aka samu da ƙwaro ko fumfuna a ware shi a naɗe daban, a nemi mai ilimin gyaran takarda kafin a sake haɗa shi da sauran.